Ɗalibar da Ta San Muryata

Ina cikin shekarata ta tara da fara koyar da ilimin kwamfuta a jami'a lokacin da na gaji da ɗaukar takardu. Darasina na 'yan aji ɗaya ne, inda ake fara koya wa ɗalibi rubuta wa kwamfuta umarni, abin da mu a sashen muke kira kod. Ɗalibaina sun kusa ɗari uku in aka haɗa da masu karatun ƙarshen mako, kwamfutocin ɗakin gwaji kuwa masu lafiya ko talatin ba su kai ba. Don haka da biro suke rubuta aikinsu a takarda, ni kuma in zuba a jakar bakko in sa a bayan mota in kai gida. Sai in bi layi-layi da jan biro, ina lissafa a kaina abin da zai fito da a ce an ba na'ura.

Gidan da nake haya a Gyaɗi-Gyaɗi yake, saman bene, can cikin layi, amma ba nisan da zai hana ƙugin manyan motocin titin Zariya isowa. A lokacin an yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, sai bayan wata biyu ko uku yake leƙowa. Yaranmu biyu suna makarantar kwana. Hajiyar da ke ƙasa, mai gidan, mutuniyar kirki ce, sai dai hirarmu ba ta wuce gaisuwa da batun ruwa da wuta. In na dawo bayan la'asar sai in baza takardun a teburin cin abinci, tunda ba mai ci a kansa. Ni ma a kicin nake ci, yawanci a tsaye.

A makaranta kuwa ban san shiru ba. Duk ranar da na mayar da takardu, layi yake miƙewa daga ƙofar ofishina har bakin matakala. Wannan ya ce na rage masa maki biyu, waccan ta ce ba waƙafi ta sa ba, biro ne ya ɗiga. Ina faɗa, ina mita, ina cewa sun hana ni ko shan ruwa. Da bakina na sha gaya wa abokan aiki cewa ranar da na rabu da layin nan sai na yi sadaka.

Sai aka shiga wani dogon yajin aiki. Wata da watanni ba inda nake zuwa, don haka na zauna na haɗa manhajar da na daɗe ina tunani. Ɗalibi zai turo kod ɗinsa ta intanet, manhajar ta gwada shi nan take, in ya yi daidai ta nuna masa kore, in bai yi ba ta nuna ja, ta rubuta masa a ƙasa cewa ba daidai ba ne, ya sake gwadawa. Iyakar abin da take faɗa ke nan. Na kuma ɗauki darussan a bidiyo. Ɗakin yara na mayar aji: na rataya bargo a taga saboda hayaniya, na jingina waya a kan littattafai, na tsaya gaban wani ƙaramin farin allo da na sayo. Sabo ya sa in na kai tsakiyar bayani sai in ce, "To wa zai gaya mini abin da zai fito a nan?" in tsaya ina jira. Sai daga baya in tuna ni kaɗai ce a ɗakin, in ci gaba. Na yi niyyar yanke waɗannan wuraren, gajiya ta sa na bar su.

Da aka koma makaranta abin ya yi aiki fiye da zatona. Aikin da yake cin mini mako biyu ya koma na ƙiftawar ido. Shugaban sashenmu, wani dattijon farfesa da ya koyar da ni tun ina ɗaliba, ya zo ofishina na nuna masa. Ya daɗe yana kallon jerin kore da ja, ya gyara tabarau.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Aiki ya yi kyau. To yanzu ke me za ki riƙa yi?"

"Bincike, Malam. Takardu nawa na fara ban gama ba."

"Haka ne," ya ce, ya tashi ya fita.

Na buga sanarwa na liƙa a ƙofa cewa daga yau maki na manhaja ne, ba a karɓar ƙorafi a ofis. A mako na biyu layin ya ɓace. A mako na huɗu ɗakin lakca ma ya fara raguwa, tunda duk abin da zan faɗa yana cikin wayarsu. Nakan shiga ɗakin da a da ake zama har kan tagogi, in tarar da mutum ashirin a warwatse, rabinsu sun zo ne don su sa caji. In na gama in koma ofis in rufe ƙofa. Binciken ban yi shi ba. Zan buɗe takarda in karanta sakin layi ɗaya sau uku, kunnena yana kan baranda, in ji takun mutum ya zo ya wuce. In na koma gida kuma teburin nan fayau. Har wanki na riƙa ƙirƙira wa kaina. Maigidana in mun yi waya sai ya ce ai yanzu na huta, ni kuma in ce ƙwarai kuwa.

A haka na samu ɗabi'ar kallon shafin manhajar da ke nuna wanda ya turo aiki. Ba suna a shafin, lambar ɗalibi ce kawai da lokaci da launi. Na lura da wata lamba da kullum take fitowa tsakanin azahar da la'asar. Aiki na ɗaya da na biyu kore ta samu a gwajin farko. Daga na uku kuwa ja, ja, ja, wani lokaci sau huɗu a yini. Ta bar shi ta gwada na huɗu, ja. Na biyar ma haka. Na ce a raina wani ne yake ta jefawa ko zai dace. Kwana goma sha wani abu ina ganin lambar nan ban buɗe aikin ba. Ba ni da wani uzuri, lokaci ne da ni har ya yi mini yawa.

Ranar da na buɗe wata Laraba ce, ana ruwa, na kasa fita daga ofis. Na karanta kod ɗin daga sama har ƙasa ban ga kuskure ba. Hasali ma ya fi na yawancin ajin tsabta, an tsara shi kamar na wanda yake tunani kafin ya rubuta. Na kwafe shi na sa a laftof ɗina, ya ƙi tashi. Na ƙara girman rubutun har baƙaƙen suka cika fuskar kwamfutar, sai na gani. Alamar zance, 'yan sanduna bibbiyun nan da ake sa wa kalma gaba da baya, kwamfuta miƙaƙƙu take so. Waɗannan kuwa sun ɗan lanƙwasa. Wasu wayoyin hannu ne suke lanƙwasa su da kansu don rubutun saƙo ya yi kyau. Ke nan mai wannan lamba a waya yake buga aikinsa. Aiki biyun farko lissafi ne zalla, shi ya sa suka wuce. Daga na uku aka fara sa kalmomi. Na miƙar da alamomin, komai ya yi kore, har aikin da na sa don in wahalar da masu ƙoƙari.

Na tura saƙo ta manhajar, kwana biyu ba amsa, lambar ma ta daina fitowa. Na je ofishin sashe na nemi fayil. Mace ce, cikin masu karatun ƙarshen mako, ta ba talatin baya sosai, kuma sunanta na mutanen kudu ne. Lambar wayar da ke fayil ɗin ba ta shiga. Adireshin kuwa shago ne a bayan kasuwar Tarauni.

Ranar Asabar da hantsi na hau adaidaita, don na san ba zan samu wurin ajiye mota ba. Na yi tambaya sau biyu kafin a nuna mini. Shagon kayan haɗa kek ne: buhunan fulawa, siga, bota, kwalaben kala, gwangwanayen gashin kek a rataye. Wata mata doguwa da ɗankwali tana auna wa wata fulawa, ta ba ni baya.

"Sannu da kasuwa, Madam," na ce. "Mai shagon nake nema."

Ta tsaya da mudun a hannu, ta juyo a hankali. "Malama?"

"Kin san ni?"

"Fuskarki ƙarama ce a waya, kuma ba na samun kallo sosai, hannuna na aiki. Muryar ce." Ta nuna mini wayar kunne da ke rataye a wuyanta.

Hausarta ta Kano ce tsantsa, ta fi ta 'ya'yana. Ta sallami mai sayen fulawa, ta kakkaɓe wani benci a bayan kanta ta ce in zauna, ta aika maƙwabciyarta ta sayo mini lemo duk da na ce ta bari. Jikinta a sanyaye yake, ta ɗauka wani laifi ta yi. Na ce ta nuna mini yadda take aiki. Ta jawo littafin rubutu daga ƙarƙashin sikeli, gefensa duk fulawa. A ciki take rubuta kod da fensir, ta goge, ta sake, sannan ta buga a waya da babban yatsa lokacin da kasuwa ta lafa bayan azahar. Na karɓi wayar na shiga saitin madannai, na kashe abin da yake lanƙwasa alamar. Bai kai minti ɗaya ba.

"Sake buga na ukun ki tura," na ce.

Ta buga a hankali tana duba littafi. Ta tura. Ya yi kore.

Ta daɗe tana kallon wayar. Ta ɗago ta dube ni, ta sake duban wayar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Aikinki daidai yake tun ranar farko. Manhajata ce ba ta gaya miki abin da ya faru ba."

"Na ɗauka kaina ne," ta ce. "Na ce ko na tsufa da karatu. Wani yaro a ajinmu ya ce in kwafi nasa in tura, na ce a'a, in ban iya ba gara in san ban iya ba."

"Me ya hana ki zuwa wurina?"

Ta amsa a hankali, don kada ta ɓata mini rai. "Na zo, Malama. Na rufe shago wata Talata na zo. Na ga takarda a ƙofa, sai na juya."

Ina cikin ofishin a ranar, na tabbata, don ba inda nake zuwa. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta ce ai da gaskiyata, mutum ɗari uku ba wasa ba ne. Na ce za a mayar mata da makinta duka, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sai ta ajiye wayar a kan sikeli.

Ta ce ta riga ta kai takardar ajiye karatu. Mahaifin mijinta ya rasu a can kudu, mijin nata kuwa shi ne babban ɗa, dole ya koma ya riƙe mahaifiyarsa da gida. Da farko sun yi shawarar ita ta zauna a wurin yayarta a Unguwa Uku har shekarar karatu ta ƙare, in ya so a ga yadda za a yi. Da ja ya yi yawa sai ta ce masa ba amfani, su tafi tare. Sun sayar da shagon, ƙarshen wata mai saye zai karɓa. An riga an samar wa yaransu makaranta a can.

"A janye takardar," na ce. "Zan je wurin shugaban sashe da kaina ranar Litinin."

"Malama, ni na ce masa mu tafi. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ta gyara ɗaki. Yanzu in koma in ce me?" Ta yi ɗan murmushi. "Amma na ji daɗi da kika zo. Zan gaya masa ba kaina ba ne."

Asabar uku suka rage, kuma duka ukun na je. Na ce mata don kada ta tafi da darasin rabi ne. Ina zuwa da laftof ɗina, mu zauna a bayan kanta, ta koyi bugawa da yatsu goma tana dariyar kanta. In mai saye ya zo ta tashi ta auna, ta dawo ta ce, "Ina muka tsaya?" Tana da musu. In na ce ga yadda ake yi sai ta ce don me ba za a yi ta nan ba, wani lokaci kuma hanyarta ta fi tawa gajarta. Rabon da wani ya yi mini musu a kan kod har na manta. Da rana takan buɗe kular abincinta mu ci tare, shinkafa da miyar da ta fi ƙarfin harshena, tana ba ni ruwa tana cewa ai kaɗan ta sa yaji saboda ni. Ta gaya mini a Kano aka haife ta, babanta ya yi aikin jirgin ƙasa, kudu kuwa sai bikin Kirsimeti take zuwa, ta yi mako ɗaya ta matsu ta dawo. Karatun kwamfuta ta shiga ne don tun tana sakandare take so, aure da haihuwa suka sha gabanta.

A Asabar ta biyu ne ta ce, "Malama, in tambaye ki mana. A bidiyon nan, in kika ce wa zai gaya mini, sai ki yi shiru. Akwai mutane a wurin?"

"Ba kowa. Ɗakin yarana ne."

"Na yi zaton haka. To ni ina amsawa fa. Wata rana ina cikin auna siga na ce bakwai da ƙarfi, mai saye ta ce ita biyar ta ce."

Na yi dariya har na riƙe ciki. A adaidaita kuma, kan hanyar komawa Gyaɗi-Gyaɗi, sai na ji hawaye, na ja mayafi na rufe fuska har muka iso.

Ranar ƙarshe shagon ya kusa zama fanko. Mun gama darasi na goma sha biyu, saura uku. Ta ce za ta ƙarasa a bidiyo. Ta ba ni gwangwanin gashin kek guda biyu da ba su shiga cikin ciniki ba, na ce ban iya kek ba, ta ce in koya, ai ina da lokaci. Ta rako ni har bakin titi, ta tsayar mini da adaidaita, ta yi masa kwatancen layinmu kamar ni ce baƙuwa.

Bayan tafiyarta na zauna na bi duk jan da ke manhajar ɗaya bayan ɗaya. Na samu wasu ɗalibai goma sha ɗaya da alamar nan ta kayar. Biyu sun riga sun daina turo aiki. Na kai wa Farfesa sunayensu, na gaya masa abin da ya faru ban rage komai ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya sa hannu aka gyara makin, ya ce, "Ni ma da na ga ja da kore kawai na ce aiki ya yi kyau. Tare muka yi." Na gyara manhajar ta riƙa miƙar da alamar da kanta, ta kuma riƙa faɗin layin da kuskure yake. Na sa duk wanda ya faɗi aiki ɗaya sau biyar ta turo mini lambarsa. Na cire takardar ƙofa, na rubuta wata cewa ina nan kowace Laraba daga goma zuwa azahar. Ba su dawo kamar da ba. Wata Larabar mutum uku, wata ɗaya, wata ba kowa, don yanzu manhajar tana amsa yawancin abin da za su tambaye ni. Har yau da ita ake aiki a sashen, wasu malamai biyu ma sun karɓa, kuma ba zan ce a koma jakar bakko ba.

Bayan kamar wata biyu ta kira ni, wata Lahadi da yamma bayan sun dawo daga coci. Na tambaye ta karatu, ta ce ta kalli bidiyo ukun da suka rage, amma jami'ar da ke kusa da su ba ta da tsarin ƙarshen mako, sai dai nan gaba. Na ce in tana son takardar sakamakonta zan bi mata, ta ce to, za ta gaya mini. Daga nan sai ta ce gaskiya ba don karatu ta kira ba. A garin ba mai jin Hausa sai masu sayar da albasa a kasuwa, har sun fara mamakin yawan albasar da take saya. Muka yi hira mai tsawo. Ta tambayi ko an gama gyaran kwalbatin bayan kasuwa, ko mai awarar da ke bakin layinsu tana nan, nawa ake hawa adaidaita daga Tarauni zuwa Unguwa Uku yanzu. Wasu na sani, wasu na ce sai na duba mata.

Mun yi irin wannan wayar sau huɗu ko biyar a shekarar. Daga baya ta buɗe shago a can, ni kuma yarana suka gama makarantar kwana suka dawo gida, kiran ya ja baya. Na ƙarshe da muka yi, ta ce babbar 'yarta ta zaɓi karatun kwamfuta, ta tambaye ni wace irin laftof ya kamata su saya mata, ba mai tsada ba. Na gaya mata. Takardar sakamakon kuwa ba ta taɓa aikowa a karɓa ba, tana nan a fayil ɗinta a ofishin sashe.